Yadda Ake Haɗa Jelin 'Ya'yan Itace Mai Ƙarfi Wanda Yara Za Su Ɗauka Da Hannu

Jelin da aka saba gani a kofi yana da laushi, sai da cokali ake shansa, kuma duk uwar da ta taɓa miƙa shi ga yaro ɗan shekara uku ta san inda rabinsa yake ƙarewa. Wanda zan bayyana a nan ya fi shi ƙarfi, ana yanka shi gutsi-gutsi kamar awara, yaro ya ɗauka da yatsu biyu ya kai baki ba tare da ya tarwatse ba. Bambancin nasu a awo yake: ana ninka garin jelatin a kan ruwa iri ɗaya.

Kafin a kunna wuta, sai a fara da karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin. Jelatin ana samar da shi ne daga fata da ƙasusuwan dabbobi, kuma kaso mai yawa na wanda ake sayarwa a duniya daga fatar alade yake fitowa. Don haka kada ki sayi wanda bai bayyana asalinsa ba. Ki nemi na saniya mai ɗauke da tambarin halal, ko kuma na kifi, kuma ya kasance fari marar launi da ɗanɗano, domin wanda aka riga aka haɗa da sukari da kala ba zai bar ɗanɗanon 'ya'yan itacen ya fito ba.

Ga awon: ruwan 'ya'yan itace lita ɗaya, wato kofi huɗu, da garin jelatin giram 28 zuwa 30, da sukari babban cokali biyu idan ruwan yana da tsami. Ƙaramin ƙunshin jelatin irin na kamfanin Knox na Amurka giram 7 ne, wanda ke iya kama kofi biyu na ruwa idan jeli mai laushi ake so. Mu kuwa ƙunshi ɗaya muke ba kowane kofi ɗaya. A lokacin bazara ni nakan ƙara ƙunshi na biyar, haka ma idan ruwan mai tsami ne sosai kamar na tsamiya, saboda tsami yana rage wa jelatin ƙarfin kamawa.

Zaɓen ɗan itacen shi ne wurin da aka fi yin asara. Lemun zaƙi da kankana da inabi da tuffa duk suna kamawa lafiya, zoɓo ma yana bayar da jan launi mai kyau wanda yara ke so. Amma ɗanyar abarba da gwanda da kiwi da ɗanyar citta suna ɗauke da sinadaran da ke narkar da furotin, jelatin kuwa furotin ne. A karona na farko na markaɗa ɗanyar abarba na zuba a zoɓo kamar yadda muka saba, na bar shi a firij ya kwana, da safe na tarar da shi ruwa tsululu, yara suna tsaye a bayana da faranti a hannu. Maganin abin mai sauƙi ne, domin zafi yana kashe waɗannan sinadarai: a tafasa ruwan abarbar ko cittar na minti biyar kafin ya haɗu da jelatin. Abarbar gwangwani an riga an dafa ta, don haka ba ta da wannan matsala.

Idan kin matse ruwan, ki tace shi da rariya mai laushi, sannan ki ɗebi kofi ɗaya mai sanyi ki zuba a kwano mai faɗi. Ki barbaɗa garin jelatin a samansa a hankali, yadda ake barbaɗa gari a talge, kada ki juye shi wuri ɗaya, domin idan ya taru na ciki ba zai sha ruwa ba, zai zama gudaji da ba ya narkewa. Ki bar shi minti biyar ba tare da juyawa ba. Za ki ga ya kumbura ya yi yamutse-yamutse a sama, alamar ya jiƙu ke nan.

A wannan tsakanin ki ɗora sauran kofi ukun a wuta tare da sukarin har ya yi zafi sosai, ki sauke, ki juye a kan jiƙaƙƙen jelatin, ki yi ta juyawa na kimanin minti uku zuwa biyar. Kada ki mayar da haɗin kan wuta ya yi ta tafasa, saboda doguwar tafasa tana raunana shi. Ki ɗebo kaɗan a cokali ki duba a haske. In kin ga 'yan ƙwayoyi, ki ci gaba da juyawa. Kumfar da ta taso a sama ki kwashe ta.

Ki shafa ɗan man gyaɗa kaɗan ƙwarai a tire mai ɗan zurfi, ki goge da tsumma mai tsabta, sannan ki zuba haɗin yadda kaurinsa ba zai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba. Idan ya huce, ki rufe ki saka a firij na awa uku zuwa huɗu. Kada ki saka shi a wurin ƙanƙara don gaggawa, domin idan ya narke zai riƙa zubar da ruwa ya lalace. Ki lissafa da wutar lantarkin unguwarku: ki haɗa shi a lokacin da kike sa ran wutar za ta daɗe.

Jelatin yana fara narkewa ne a zafin da ya kai kimanin digiri 35, shi ya sa yake narkewa a baki, shi ya sa kuma ba zai jure ranar Afrilu a jakar makaranta ba. Wadda ba ta da tabbacin firij, ko ba ta sami jelatin na halal ba, tana iya amfani da garin agar, wanda ake samu daga ciyawar teku. Shi dole ne a tafasa shi da ruwan na minti biyu zuwa uku, cokalin shayi ɗaya ga kowane kofi, kuma yana kamewa ko ba firij, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85. Sai dai ba shi da danƙon jelatin, kuma ba ya narkewa a baki, don haka ya fi dacewa da yaran da suka iya tauna sosai.

Idan kin danna saman da yatsa ya dawo bai manne ba, ya yi. Ki tsoma wuƙa a ruwan ɗumi ki yanka, ki ciro da bakin cokali. Ga ƙananan yara ki yi yankan ƙanana ko sirara, ki zaunar da yaro kafin ki ba shi, kuma kada ki bar shi yana ci yana gudu ko yana kwance, saboda gudun shaƙewa. Idan kin so sa zuma maimakon sukari, kada ki ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Abin da ya rage ki zuba shi a roba mai murfi ki mayar firij, a cinye shi cikin kwana uku zuwa huɗu, kuma ki riƙa fito da iya wanda za a ci a lokacin kawai.