Yadda Za A Koyar da Yaƙin Girka na 1940 a Ajin Tarihi a Maradi

Malam, fara da zana taswira a allo: Albaniya a sama, Girka a ƙasa, duwatsun Pindus a arewacinta. In babu taswira, ɗalibai kan cakuɗa harin Italiya da na Jamus a kan Girka a Yaƙin Duniya na Biyu.

Italiya ta kutso daga Albaniya ran 28 ga Oktoba 1940, Girkawa suka fatattake ta har suka kama garin Koritsa na Albaniya a Nuwamba. Dakata nan sosai, domin yaran Maradi sanyin hunturu kaɗai suka sani. Bayyana musu yadda ƙanƙara ke kashe yatsun soja har a yanke su, da alfadarai masu dakon harsashi inda mota ba ta hawa.

Sai ka sauya launin alli: Jamus ta shigo ran 6 ga Afrilu 1941, Atens, babban birnin Girka, ta faɗi ran 27, sojojin laima suka dira tsibirin Kirit ran 20 ga Mayu.