Yadda ake zaɓen makaɗan biki ba tare da an kurmantar da baƙi ba

Abu na farko da mutane suke tambaya in za su ɗauko makaɗa shi ne "su nawa ne?" kamar yawan mutum ne yake kawo daɗin kiɗa. Ni dai a gani na tambayar ba nan take ba, tambayar ita ce wane ɗaki za su zauna, kuma mutanen da ke cikin ɗakin me suke yi a lokacin. Shiru suke suna sauraro, ko hira suke, ko rawa? Domin biki ɗaya ne amma lokutansa ba ɗaya ba ne, kiɗan da ya dace sanda amarya take shigowa in ka saka shi lokacin rawa kowa zai fara duba waya, wanda kuma ya dace da rawa in ka saka shi sanda tsofaffi suke gaisawa wallahi sai dai a riƙa ihu a kunnen juna.

Toh ku fara da takarda da biro, ango da amarya ku zauna ku raba ranar. Akwai lokacin da baƙi suke isowa suna neman kujera, wannan yakan ci minti 20 zuwa 30. Akwai shi ainihin ɗaurin auren. Akwai tsakanin nan da ake ɗaukar hotuna, baƙi suna tsaye ba su san abin yi ba. Sai zaman liyafa, sai rawa in za a yi. Kowanne ku rubuta a gefensa: nan hira ake, nan shiru, nan motsi. In wurin ibada ne za a ɗaura, ku tambayi masu wurin tun kafin ku kira kowa, wani wurin ba a yarda da kiɗa ba sam, wani an yarda da wasu kayan banda wasu, kar ku biya kafin alƙalami sannan a ce muku ba a yi.

Ga lokacin shiru da lokacin hira ƙaramin gungu ake so, mutum ɗaya zuwa huɗu. Mutum ɗaya da fiyano ko jita ko saksofon yana iya riƙe ƙaramin taro, musamman mai fiyano tunda hannunsa na hagu yana ba da ƙasan kiɗan, na dama yana jan zaren waƙar, shi kaɗai kamar mutum biyu ne. Amma mai sarewa ko mai biyolin, wato gogen Turawa, shi kaɗai muryarsa siririya ce, babu ƙasa, bayan minti goma kunne ya fara jin wani abu ya ɓace, shi ya sa ake haɗa su da jita ko fiyano ko chelo, wato babban goge mai kaurin murya. Ka'idar da nake bi kenan a kowane haɗi, a samu mai jan waƙa a sama, a samu mai riƙe gindi a ƙasa. Mutum biyu da suka cika wannan sun fi mutum uku da duk a sama suke.

Wanda aka fi sani a bukukuwan Turawa shi ne gungun masu tsirkiya mutum huɗu, biyolin biyu, biyola ɗaya (ta ɗan fi biyolin girma da kaurin murya), chelo ɗaya. Tun ƙarni na 18 ake rubuta musu kiɗa, Joseph Haydn, wani marubucin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, shi ake cewa ya daidaita tsarin, kuma dalilin da ya sa ya daɗe shi ne muryoyin huɗu sun cike daga sama har ƙasa kamar mawaƙa huɗu. Yanzu ma ba tsofaffin kiɗa kaɗai suke yi ba, yawancinsu suna juya waƙoƙin zamani su kaɗa. In kuɗi bai kai ba a cire biyolin ɗaya su zama uku, a ƙaramin hol da wuya baƙo ya lura, a babban wuri ne za a ji sautin ya rage kauri.

Yanzu maganar wuri, nan ne aka fi yin asara. A fili babu bango da zai dawo da sauti, duk sanda ka ninka nisanka daga makaɗi ƙarfin sautin yana faɗuwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ga iska tana kwashe sauran. Ma'ana 'yan layin gaba suna ji suna lumshe ido, 'yan layi na goma hannun makaɗan kawai suke gani yana motsi. In baƙinku sun doshi ɗari kuma a waje ne, ku tambaya ko suna da ƙananan makirfo da ake maƙalawa a jikin kayan da sifika, ba abin kunya ba ne. A cikin gini kuma matsalar ta juya, hol mai tayil da gilashi da dogon silin yana amsa-kuwwa, ganga ɗaya sai ta zama kamar uku, kalmomin mawaƙi su cakuɗe. Labule da kafet da su kansu jikin mutane suna shanye sauti, saboda haka hol ɗin da kuka shiga ba kowa kuka ji yana ƙara, ranar da ya cika zai lafa sosai. Ku je wurin ku tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi ku saurara, in tafin ya daɗe yana yawo toh ku rage ganguna.

Hirar mutum biyu tana kusan desibel 60, cikakken saitin ganguna kuma yana iya haura 100 a kusa da shi. Kun ga tazarar. Shi ya sa ban son a ajiye teburin iyaye da kakanni gaban sifika, a kai matasa can su suke so. Wasu hol ɗin ma suna da na'urar da take yanke wutar sifika in ƙara ta wuce iyakar da aka saka mata, ku tambayi manajan wurin ko akwai, da kuma ƙarfe nawa ake kashe kiɗa, ku faɗa wa makaɗan tun wuri domin akwai gungun da ba za su iya aiki da ita ba.

Kayan katako da tsirkiya ba sa shiri da rana ko yayyafi. Zafi yana sauya musu sauti har ya iya tsaga katakon, shi ya sa masu biyolin da chelo za su ce sai an ba su inuwa, ba yanga ba ce, wani kayan nasu ya fi motar da suka zo a ciki tsada. Suna kuma buƙatar kujeru marasa hannu saboda gwiwar hannu ta samu wurin kai da komo, da daɓe a miƙe, mutum huɗu kamar mita 3 tsawo 3 faɗi ya ishe su. Idan fiyanon hol ɗin za a yi amfani da shi a tambaya yaushe rabon da a saita shi, in an daɗe gara mai kibod ya zo da nasa. Shi kuma kibod wuta yake so, a san inda soket yake, in janareta ne a kai shi nesa kar gurnaninsa ya shiga bidiyon bikin.

Game da zaɓen su kansu makaɗan, dan Allah kar ku yanke hukunci da bidiyon minti ɗaya na Instagram. Wannan an tace shi a situdiyo an yanke inda aka yi kuskure. Ku nemi wanda wani baƙo ya ɗauka da waya a wani bikin, mai hayaniya da komai, ko ku je ku ji su da kunnenku in suna da wasa a kusa. Sannan ku yi tambayar da mutane suke jin nauyin yi: waɗannan da na gani su ne za su zo? Yawancin gungu suna da makaɗa da yawa a ajiye, suna iya karɓar biki biyu rana ɗaya su raba kansu, ba laifi ba ne in an faɗa, amma in muryar wata mawaƙiya ce ta ja ku toh sunanta ya shiga takarda.

Waƙar shigowar amarya ita ce inda makaɗi mai rai ya fi na'ura nesa ba kusa ba. Tafiya daga ƙofa zuwa gaba da wuya ta wuce minti ɗaya ko biyu, waƙa kuma minti huɗu ce, in diije ne sai dai ya rage murya a tsakiya, amma makaɗi yana kallonta, in ta tsaya gyara mayafi ya maimaita baiti, in ta iso da wuri ya naɗe kiɗan ya sauke shi daidai inda ta tsaya. Sai dai fa sai an ba shi alama. Ku ware mutum ɗaya, ba emsi ba shi yana da nasa aikin, wanda zai tsaya inda shugaban makaɗan yake ganinsa ya ɗaga hannu. Na taɓa zama a bikin da aka fara kiɗan amarya sau biyu, ashe ƙawaye ne suke shigowa, sanda ita ta fito kowa ya riga ya gaji da miƙewa.

In kuna da waƙar da kuke so wadda ba ta cikin jerinsu, ku faɗa aƙalla wata ɗaya kafin ranar, domin sai an rubuta wa kowane kaya nasa kason an yi atisaye, wasu suna cajin wannan daban. Kuma ku karɓi shawararsu in sun ce ba za ta zauna ba, waƙar da duk ƙarfinta a bugun ganga yake in aka ɗora ta kan tsirkiya takan fito fayau. Ku zaɓi uku ko huɗu na muhimman lokuta, ku rubuta waɗanda ba kwa so a kaɗa ko da wa ya roƙa, sauran ku bar musu, sun fi ku karanta fuskar taro.

Rawa kuma magana ce daban. Masu tsirkiya huɗu ba za su tayar da mutum daga kujera ba, nan sai da ganga da jitar bes da mawaƙi, mutum huɗu ko biyar. In aljihu ba zai ɗauki gungu biyu ba, abin da nake ba da shawara shi ne a sa kuɗin makaɗa a ɗaurin aure da lokacin isowar baƙi, rawa a bar wa diije, in ana so a haɗa shi da mai saksofon ko mai ganga ɗaya yana bi a kai.

Sai takarda. Duk abin da kuka yi magana a waya a rubuta shi, kwanan wata, lokacin isowa (a ba su awa ɗaya na shiri, masu sifika da yawa fiye da haka), tsawon wasa, hutu, kuɗin ƙarin lokaci in biki ya yi latti wanda kusan kullum sai ya yi, kuɗin mota, kayan da za su saka, wa zai kawo sifika, me zai faru in ɗayansu ya kwanta ciwo ko an ɗaga bikin. Galibi suna yin minti 45 su huta 15, ku tambaya me zai riƙa tashi a lokacin hutun kar hol ya yi tsit, kuma ku daidaita hutun da lokacin jawabai. A saka su cikin lissafin masu cin abinci, a ajiye musu ruwa. Ranar bikin kuma lambar da za ku ba su kar ta zama ta ango ko ta amarya, ku ba su ta wannan mai ɗaga hannun.