Kwana biyar ɗin da ƙwanki zai yi a lab: yadda ake rainonsa da abin da za ki tambaya

'Yar uwa, idan har ke da maigida kun yanke shawarar yin dashen ciki, wato IVF, inda ake haɗa ƙwanki da maniyyin maigida a lab sannan a mayar miki cikin mahaifa, toh ki sani allurai da sikanin da kike ta sintiri a kai rabin aikin ne kawai, ɗaya rabin a wani ɗan ɗaki ake yinsa wanda ba za a taɓa barinki ki shiga ba. Ni aikin lab na karanta anan Zariya, kuma ni na raka yayata lokacin da ta yi nata bayan shekara tara da aure ba haihuwa, daga Tudun Wada muke kama hanya tun asuba, shi yasa nake so in bi dake kwana-kwana ki san me ake yi da ƙwanki, dan wlh rashin sani shi yafi cin rai a kwanakin nan.

Tun kafin ki biya kuɗi ki fara da tambayar wuta. Na'urar ɗumin da ake sa ɗan tayi a ciki, inkubeta, dole ta tsaya a digiri 37 dare da rana kamar cikin jikin mutum, ana kuma hura mata iskar kabon dayoksaid kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari dan ruwan rainon ya zauna daidai. Wurare masu kyau suna rage oksijin zuwa kashi 5, saboda iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 ce kuma ta yiwa ɗan tayi yawa, a cikin jikin uwa bai saba da haka ba. Kinga kuwa a ƙasar da NEPA ke ɗaukewa ba sallama ai dole ki tambaya: in an ɗauke wuta me ke riƙe inkubeta kafin janareto ya tashi, akwai inbata, akwai sola, waye ke kwana yana lura? Kar kiji kunya. Kyan kujerun wurin zama da sanyin esi basa rainon ƙwai.

Sai maganar ƙamshi, kuma nan ne mu matan Zazzau muke shan wahala. Ranar cire ƙwai da ranar dasawa ba turare, ba humra, ba man shafawa mai ƙamshi, kayan da za ki sa ma kar ki turara su da turaren wuta tun daren jiya, shima maigida ki faɗa masa ya ajiye nasa turaren. Sinadaran dake tashi daga turare da fenti da hayaƙi suna shiga ruwan rainon su cutar da ƙwai, shi yasa ɗakin yake da matatar iska, ma'aikatan ma basa shafa komai. Yayata saida ta ware wata atamfa ta wanke da farin sabulu ta ƙulle a leda daban, dan duk sif ɗinta ƙamshi yake.

Ranar farko, su suna kiranta rana ta sifili. Za a cire ƙwai awa 34 zuwa 36 bayan allurar ƙarshe mai nunar da ƙwai, dan haka lokacin da aka ce kiyi allurar nan kiyi a daidai mintin, ko da ƙarfe goma sha ɗayan dare ne, ki sa alam biyu. Likita yana zuƙo ruwa daga gidan ƙwai da siririyar allura yana kallo a sikanin, ana miƙa ruwan ta wata 'yar taga, mai lab ya zuba a faranti ya nemo ƙwan a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A ranar maigida zai bada maniyyi, yawanci ana so ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa biyar kafin nan. Za a wanke maniyyin a tace masu ƙarfin iyo. Daga nan hanya biyu ce: ko a zuba dubbai kusa da ƙwan a barsu su shiga da kansu, ko a ɗauki ƙwaya ɗaya tak da allurar gilashi a soka ta cikin ƙwan, shi ake cewa iksi, a Beljiyam aka fara samun haihuwa da shi a 1992 kuma ya taimaki maza masu ƙarancin ƙwayoyi sosai. Ki tambaya wanne za a yi miki kuma saboda me.

Anan ne zan tsaya akan abin da yafi damun mutanenmu, nasaba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986 ta halatta aikin in dai ƙwan matar ne da maniyyin mijinta aka mayar cikin mahaifarta. Toh ya za ki tabbata ba a haɗa da na wani ba? A ƙa'ida kowane faranti da kowace kwalba ana rubuta sunanki da lambarki, kuma duk lokacin da za a motsa ƙwai ko a haɗa shi da maniyyi sai mutum na biyu ya duba ya sa hannu, wasu wuraren kwamfuta ce ke karanta lambar. Ki ce a nuna miki yadda suke yi. Idan sunanki irin namu ne da ya cika gari, ko kuma ke da abokiyar zamanki duka kuna zuwa wuri ɗaya da sunan miji ɗaya, ki faɗa musu da bakinki tun farko.

Kwana na ɗaya, awa 16 zuwa 18 bayan haɗawa, za a duba. Ƙwan da ya karɓa daidai ana ganin 'yan da'ira biyu a tsakiyarsa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai uku ba a dasa shi. Kwana na biyu ya rabu kamar gida huɗu, na uku shida zuwa takwas, duk yana zaune cikin ɗigon ruwa ƙarami wanda aka rufe da wani tataccen mai dan kar ya bushe, ruwan kuma akwai gishiri da suga da sinadaran gina jiki a ciki, an kwaikwayi ruwan bututun mahaifa. Kwana na huɗu sai ya dunƙule ya zama curi. Na biyar ko na shida ruwa ya taru a cikinsa, ƙwayoyi sun kai ɗari ko fiye, shine bilastosis: ɗan curin ciki shi zai zama jariri, na zagayen kuma su zama mabiyiya. In kinji an ce 4AA ko 3BB, matakin kyan ɗan tayin ake faɗa miki: lambar yadda ya buɗe ne, harafin farko na curin ciki, na biyu na zagayen. BB ma ana haihuwa da shi, kar ki tada hankalinki.

Kuma adadin zai ragu, ki shirya zuciyarki. Yayata ƙwai 12 aka cire mata, 9 ne suka nuna, 7 suka karɓa, ranar ta biyar aka kira aka ce saura 3, ina zaune kusa da ita tana yankan alayyahu ta ajiye wuƙar ta fashe da kuka wai an kashe mata 'ya'ya. Nace Yaya kiyi haƙuri ki saurare ni, daga wajen kwana na uku ɗan tayi ke fara tafiya da nasa ƙwayoyin gado, wanda yake da matsala anan yake tsayawa, a cikin jiki ma haka yake faruwa sai dai bama gani. Shi yasa in 'yan tayin kaɗan ne likita zai iya cewa a dasa a kwana na uku, in suna da yawa a jira na biyar a zaɓi mai ƙarfi. Kar kuma ki matsa a riƙa fito dasu kullum ana duba miki, duk buɗe inkubeta ɗumi da iska suna canzawa, wasu wuraren ma suna da mai kyamara a ciki tana ɗaukan hoto duk bayan 'yan mintuna ba tare da an taɓa su ba.

Ranar dasawa kizo da fitsari a mara dan sikanin ya nuna da kyau, ba a sa barci, siririn bututu ne, mintuna kaɗan an gama, sai mai lab ya koma ya duba bututun ya tabbatar ɗan tayin bai maƙale ba. Na san son tagwaye, amma dan Allah kar ki roƙi a zuba miki uku, bakwaini da hawan jini na ciki sunfi yawa a irin wannan cikin. Sauran masu kyau a daskarar dasu cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, suna iya shekaru a haka. Ki karɓi takarda mai nuna guda nawa aka ajiye da matakinsu, da kuɗin ajiyar shekara, ku sa hannu ke da maigida, ki cigaba da maganin riƙe ciki da aka baki ba fashi, gwajin jini kuma sai ranar da suka rubuta miki, wajen kwana goma zuwa sha huɗu, kar ki sayi abin gwajin fitsari a kemis kafin nan dan ragowar allurar ƙarshe na iya nuna miki layi biyu na ƙarya.