Kurakuran da mu mata ma'aikata muke yi tsakanin gida da wajen aiki, da yadda za ki gyara

Satin da ya wuce wata ƙanwata da ta fara koyarwa a wata firamare can wajen Arkilla ta kira ni bayan isha'i, muryarta duk ta dushe, ta ce Anti ni fa ajiye aikin nan zan yi, na gaji. Wata uku kacal da farawa. Na ce ta faɗa min yadda take wuni tun daga asuba har kwanciya, tana faɗa ina jin kamar labarina take ba ni, don shekara 11 ke nan ina aikin gwamnati a nan Sakkwato, ɗiya huɗu Allah ya ba ni a cikinsu, kuma kusan duk ramin da ta lissafa na taɓa faɗa mishi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko wata za ta amfana.

Babban kuskuren, wanda sauran duk ƙarƙashinshi suke, shi ne son nuna wa duniya cewa aikin bai canza komai a gidanki ba. Kina tsoron kar dangin miji su ce ai tunda ta fara aiki ta watsar da gida, sai ki ɗora wa kanki komai, girki sau uku kowane da sabuwar miya, wanki, guga, shara, wankan yara, kai su makaranta, ɗauko su, ga islamiyya da yamma, kuma ki yi shiru ba ki gaya wa kowa kin gaji ba saboda kunya. 'Yar uwa awa takwas fa anka cire daga wuninki, dole wani abu ya motsa. In ba ki zauna kin zaɓi abin da zai motsa da kanki ba, jikinki ne zai zaɓa miki, ko haƙurinki, sai ki ga kina yi wa yaro tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba.

Gyaran shi ne ki zauna da maigida a yi magana dalla-dalla, kuma ki san lokacin da za ki tayar da ita. Ban da sa'ad da ya shigo da yunwa rana ta dake shi, ban da tsakiyar faɗa. Ki bari ya ci ya huta. Kuma kar ki tsaya kan "ka riƙa taimaka min", wagga magana ba ta da kai ba ta da gindi, zai ce to kuma gobe ba abin da zai canza. Ni abin da na ce wa nawa shi ne, Abban yara, hanyarka ce makarantarsu, don Allah ka ɗauke min kai su da safe, ni zan ɗauko su in na tashi, cefanen Asabar kuma in rubuta maka ka biya kasuwa. Abu biyu rak, kuma sun tsaya har yau. Namiji ya fi gane aiki mai suna da lokaci. In akwai mai ganin wai zubar da girma ne, ai Nana A'isha da anka tambaye ta abin da Annabi (SAW) yake yi a gida cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinshi, in lokacin sallah ya yi ya fita.

Kuma mu a garin nan bai kamata a ce sai an koya mana wanga ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 tana nan kwance Hubbare, da ta tashi kai ilimi ga matan ƙauyuka ba ta ce kowace matar aure ta bar gidanta ta taho ba. Jajis ta naɗa, dattawan mata, su ke tahowa su ɗauki karatu su koma su kai wa waɗanda hidimar gida ta riƙe, su ne 'Yan Taru. Ta san nauyin da ke kan mace sai ta yi tsari da shi. Duk sanda na tuna wannan sai in ji raba aiki ba abin kunya ba ne.

Sai barin aikin safe sai da safe. Wanga shi ke sa ki isa ofis a makare zuciya na tafasa. Yunifom, safa, takalmi, jakar makaranta, kayan da za ki sa ke kanki, duk a gama da su da dare kafin ki kwanta, minti ashirin ya isa. Kayan miya kuma ki yi markaɗe mai yawa ranar Asabar ki tafasa shi ya tsane sosai ki soya da mai, sai ki riƙa ɗiba. Amma a nan zan ja kunnenki, kar ki kwafi shawarar masu cewa ki dafa abincin wata guda ki zuba a firiza, su ba a Sakkwato suke ba ko kuma suna da sola. Na taɓa yi, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, na cika firiza da nama da miya kala uku ina murna na huta, taransifomar unguwarmu ta lalace, kwana na biyu da na buɗe warin da ya buge ni har yau ina tuna shi, haka na kwashe kusan rabin albashina na zubar ina hawaye. Tun daga nan na koma ga dabarar iyayenmu, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, busasshen tumatir da tattasai, nama a soya shi ƙarau, garin kunu, yaji a kwalba. Waɗannan ba ruwansu da wuta, kuma cikin rabin awa kin haɗa miya. Firiza ki sa mata abin kwana biyu zuwa uku kawai. Da rana kuma in an sha fura da nono ko an ci ɗumame ba wanda ya mutu, yaran ma sun fi so.

Maganar kuɗi ita ce wadda muka fi gudu kuma ita ta fi kashe zaman lafiya. A addini albashinki naki ne, ci da sha da sutura da muhalli suna kan miji, wannan ba gardama. Amma kowa ya san yadda rayuwa ta koma tun da anka cire tallafin fetur a Mayun 2023, gida da yawa albashi ɗaya ba ya riƙe su. Kuskuren kashi biyu ne. Akwai wadda ke ɓoye komai kamar da abokin gaba take zaune, akwai kuma wadda ke ta cike gurbi a ɓoye, yau gas gobe kuɗin makaranta jibi 'yan garuwa, ba a taɓa zama an ce ga naki ga nawa ba, har a wayi gari ya zama kamar wajibinta ne, ita kuma abin na cin ta a rai tana ƙullata. Ki faɗi abin da za ki iya ɗauka da bakinki da daɗin rai, misali ni na ɗauki kuɗin lesin da na mai aiki, saura kuma kowa ya san nashi. Sannan ki ɗauki biro ki yi lissafin abin da fita aikin ke ci, kuɗin kabu-kabu ko keke napep zuwa da dawowa sau ashirin da wani abu a wata, abin da kike saye a ofis, mai reno, data. Mafi ƙarancin albashi da anka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, masu koyarwa a makarantun kuɗi da yawa ko shi ba su samu, to in daga Mabera kike zuwa can wajen jami'a kullum ki duba mi ya rage. Wata in ta yi lissafin sai ta ga neman canji zuwa kusa da gida ya fi mata ƙarin girma. Kuma don Allah a rage adashi, uku huɗu a albashi ɗaya ga bashin atamfa ga anko, albashi na shigowa ya fice, ki kwana ashirin kina ranto kuɗin abin hawa.

Inda na fi jin zafi shi ne wajen wanda muke bar wa yara. Za ki ga an ɗauko yarinya 'yar shekara tara ko goma daga ƙauye, an miƙa mata jariri da gida gaba ɗaya, an ja ƙofa an tafi tun bakwai da rabi sai huɗu. Ita kanta fa reno take buƙata. In wani abu ya faru wa za ki zarga? Kuma haƙƙinta na wuyanki, ke kin fita neman na kanki da ilimin da anka ba ki, ɗiyar wani kuma kin hana ta ko islamiyya. In da hali ki nemi babbar mace mai hankali wadda anka san asalinta, ki biya ta kan lokaci, kar ki bari sai ta tambaya, ki ci da ita abin da kike ci. In yarinya ce ke hannunki to ta zama mai taya ki, ki sa ta makaranta, jaririn kuma a kai shi wajen babba. Kafin ki fita ki zagaya gidan da idonki, magani a sama inda hannu ba ya kai, kalanzir da fetur kar a zuba su a robar ruwa ko ta lemo don yara da yawa ta haka suke sha, bokiti da baho mai ruwa a kife ko a rufe, gas a kashe daga tukunya, lambar wayarki da ta maigida a rubuce a bango. In kuma Inna ce ke riƙe miki, taki ko tashi, kar ki ɗauka dole ne. Ta yi nata renon ta gama. Ki riƙa shigo mata da ɗan goro, sabulu, turmin zane lokaci-lokaci, ki ce Inna Allah ya saka da alheri, kuma ranar da ba aiki ki ɗauke yaranki ta huta.

Wani kuskuren shi ne rashin sanin haƙƙinki lokacin haihuwa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace hutun sati 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida tana aikin, kuma mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana. Ma'aikatan tarayya aƙalla sati 16 ne da cikakken albashi, in kin dawo kuma ana ɗauke miki awa biyu kullum har wata shida, mazansu ma tun 2021 an amince musu da hutun kwana 14. Ke ta jiha ko ta kamfani, tun cikin yana wata biyar ki je wajen jami'in mulki na wajen aikinku ki tambayi abin da ke rubuce, ki kai takardar asibiti, ki rubuta neman hutun ki riƙe kwafi. Kar ki dogara da "oga ya ce ba komai", oga ana canza shi. Sannan tun saura sati biyu ki koma ki fara koyon tatsar nono, jariri ya saba karɓa a kofi daga hannun mai reno. Nonon da anka tatsa cikin mazubi mai tsabta da murfi yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, a firij mai wuta kwana huɗu, amma da zafinmu na bazara ki sa shi a kula da ƙanƙara. Ki kuma ja kunnen mai reno da kakanni cikin ladabi, kar a ɗura mishi ruwa wai zafi ya yi yawa, kafin wata shida nonon ya ishe shi har ƙishirwa.

A wajen aikin ma muna da namu laifin, gaskiya ɗaya ce. Kullum makara, kullum yaro ba lafiya, a ce wa abokiyar aiki ta sa miki hannu a rajista, ƙarfe sha biyu an nemi ki an rasa. Ranar da yaron zai kwanta da gaske ba mai yarda da ke, kuma kin ɓata wa matan da za su zo bayanki. In kin san gobe akwai rigakafi ko awo, ki faɗa tun yau, ki gama abin da ke teburinki, masu dutin asibiti ku yi musaya tun da wuri. Akwai kuma wadda ba ta iya cewa a'a, duk aikin da wani ya gudu a tura mata, ta kwaso fayil ko takardun jarabawa ta kawo gida tana maki har sha biyun dare. Ki iya cewa ranka ya daɗe wanga ba zai samu yau ba sai gobe da safe, ba rashin kunya ba ne.

Zumunci kuma ba a yar da shi, amma ba kowane taro ne sai da ke ba. Ta'aziyya da dubiya su na sa gaba. Biki in na makusanci ne in zaɓi wuni ɗaya in je in zauna sosai, saura in aika gudummawa in kira waya. Za a yi magana, an yi a kaina, daga baya sunka saba.

Sai wayar nan. Kin dawo kin gaji kin kwanta kina ta WhatsApp, yaro na gaya miki abin da malaminsu ya ce kina "uhm" ba ki ko ɗago ba. Ni yanzu daga magariba zuwa isha'i wayata na ɗaki, a nan nake jin wanda anka buga, wanda bai gane lissafi ba, wadda haddarta ta tsaya. Ke kanki kuma ki daina shan Panadol kullum kina cewa gajiya ce, ki je a auna jininki, hawan jini ba ya sallama, ki kuma samu barcinki ko da kwanukan za su kwana.

Ƙanwar tawa dai ba ta ajiye aikin ba. Sun zauna da mijinta ranar Juma'a, ya karɓi kai yara da sayen ruwa, ta daina girkin rana ranakun aiki, jaririyar kuma tana kai ta wajen wata dattijuwa maƙwabciyarsu. Abin da ya rage musu shi ne Alhamis, ranar da yake tafiya kasuwar ƙauye tun asuba, har yanzu ita ke fama da yaran uku kan kabu-kabu ɗaya, mun ce za mu tambayi mai keke napep ɗin layinsu ko zai yarda a riƙa biyan shi na wata.