Yadda Za Ka Rage Juya Ƙasa Don Kada Ƙarfin Gonarka Ya Bi Iska

Baƙin nan da ake gani a ƙasar gindin gawo ko a tsohon mashekarin shanu, ruɓaɓɓen ganye ne da saiwa da kashin dabbobi, kuma wajen rabinsa sinadarin kabon ne. Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani da ke cin sa, numfashinsu kuwa iskar kabon dayoksaid ce. Muddin ƙasa na kwance a dunƙule, abincin nan a ɓoye yake cikin 'yan curi-curin ƙasa, ana cin sa sannu-sannu. Da garma ta shiga ta farfasa su, iska ta ratsa, sai cin ya tashi kamar an fifita garwashi. Masu aunawa sun gano cewa iskar ta fi fita a sa'o'i da kwanakin farko bayan huɗa, kuma iya zurfin garma iya yawan abin da ke tashi.

Duniya ta damu da wannan ne saboda kabon da ke cikin ƙasa ya fi wanda ke sararin samaniya yawa, in kuma ya fita yana ƙara ɗumamar yanayi. Manomin Gezawa ko Ringim ko Gumel yana da dalilin da ya fi wannan kusa da shi. Yawancin gonakinmu na tudu jigawa ce, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ga zafi da ke gaggauta ƙarewarsa. Wannan ɗan kaɗan ɗin shi ke riƙe laima, shi ke riƙe takin zamani kada ruwa ya wanke shi. Shi ya sa buhun taki a gajiyayyiyar gona ba ya nuna kansa.

Aikin daga kaka yake farawa. In za ka yanke kara, yanke shi daidai gwiwa, ka bar tushiya a inda take, ka kuma kwantar da wani kaso na karan a kwarin kunya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na fuskar ƙasa ya kasance a rufe. Na san inda gizo ke saƙar: kara kuɗi ne. Da shi ake danga, da shi ake girki, shi dabbobi ke ci da rani, wanda aka bari a fili kuma garken da ke wucewa ba zai bar shi ba. Don haka kada ka ce duk gonar za ka rufe. Kwashe harawa da ganyen kara ka kai gida, amma ka sa a ranka bashi ne ka ci, za ka biya da kashin dabbobin da suka ci. Sandar karan da ba ta da ganye, wadda shanu ba su cika damuwa da ita ba, ita ce ta bari. Gara za ta hau ta, kuma ba asara ba ce: ramukan da take haƙawa su ne ƙofofin da ruwan farko zai bi ya shiga.

Da bazara, lokacin sharar gona, ajiye ashana. Tushiya da ganyen da ake tarawa a banka wa wuta, kabon ɗinsu a take yake tashi, sai ɗan toka ya rage, shi ma iska ta kwashe. Abu biyu kawai suka cancanci a fitar da su daga gona: karan da tsutsa ta huda, domin a cikinsa take kwanciya har damina ta dawo, da kuma ƙudujin da aka tuge da fure. Sabara da kalgo da ke tohowa daga kututture kada ka sassabe su tas; zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran. Manoman Maraɗi sun kama wannan hanya tun shekarun 1980, gonakin da suka zama fili suka sake yin itatuwa.

Yanzu sai maganar garma kanta, kuma a nan sai ka dubi irin ƙasarka. In jigawa ce mai laushi kuma kunyar bara ba ta baje ba, ba dole ba ne a fasa ta a tayar da sabuwa. Ɗauki sungumi ka yi shuka a kan tsohuwar kunya, tsakanin tushiya da tushiya. Masu yin binnen gero kafin ruwa ya sauka dama sun san iri ba ya jiran huɗa. In kuwa fako ne, ko ƙasa mai yin ɓawo bayan ruwa, to ƙin buɗe ta ganganci ne, ruwa zai gangare ya bar ka. Buɗe inda iri zai zauna kawai: ko garma ta tsaga layi ɗaya siriri, ko ka haƙa ramuka irin na tassa da ake yi a ƙasar Tawa, faɗin taƙi guda ko fiye kaɗan, ka zuba taki cikin tafi biyu a kowane rami, ka tara ƙasar da ka fitar ta ɓangaren gangare.

Idan huɗar ta zama dole, a yi ta sau ɗaya, ba da zurfi ba, lokacin da ƙasa ke da laima amma ba ta jiƙe sharkaf ba. Kunya ta gitta gangare, a kuma datse kwarin nan da can don ruwa ya tsaya. Tarakta ce ta fi ɓarna in aka sake mata: a kifa ƙasa, a bi da haro sau biyu har ta zama gari, sannan a tayar da kunya. Gona takan yi kyan gani, ba musu, sai dai iskar farkon damina ita ke fara cin moriyarta. Ga kuma dizal, wanda kowace lita da aka ƙona ke fitar da kilo biyu da rabi da ɗoriya na iskar kabon dayoksaid. Ka ce wa direba zagaye ɗaya ya isa.

Ciyawa ce kuɗin da za ka biya. Gonar da ba a huɗe ba takan riga ka tashi, saboda haka noman firi ya zo da wuri, a kankare sama-sama da fartanya, a bar ciyawar a kwari ta bushe. Ban ƙasa sau ɗaya ya wadatar. In feshi za ka yi, nemi malamin gona na KNARDA ko JARDA, hukumomin raya aikin gona na jihohin Kano da Jigawa, ya nuna maka ma'auni.

Rage huɗa yana rage abin da ke fita ne kawai. Ba ya kawo sabo. Mai kawowa shi ne saiwa da taki. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Kano ta yaɗa tsarin layi biyu na dawa, layi huɗu na wake, a riƙa musanya wuraren kowace shekara. Takin gida kuma a sa shi a rami ko a rufe shi da kara, maimakon a baza shi yana gasuwa a ranar Afrilu.

Kada ka yi wa gonar duka a shekara ɗaya. Amfani na iya ɗan ja baya a daminar farko, ribar kuma a saman ƙasa take taruwa cikin shekaru, huɗa mai zurfi guda na iya zubar da yawancinta. Ware kunya goma ko ashirin, sauran ka noma yadda ka saba. Bayan damina uku, ɗauko busasshen curi daga kowane ɓangare, ka sa su a hankali cikin kwanon ruwa. Wanda ya narke nan take ya dagula ruwan, ƙasarsa ba ta da abin riƙo. Wanda ya jiƙe ya tsaya a dunƙule, to can ne za ka ƙara yawan kunyoyin baɗi.