Kurakuran sababbin malamai a aikin hannu na 'yan aji huɗu zuwa shida

Kowace shekara sababbin malamai suna zuwa mana da zafinsu. Sun ji an ce yaro ya fi riƙe abin da ya yi da hannunsa, kuma haka ne. Sai dai ramin da na bara suka faɗa shi na bana ke faɗawa, har bakina ya gaji da nanata magana a ofis.

Mafi muni shi ne a ce wa yara su je gida su yi. Malam ya ce kowa ya ƙero mota ko gida ya kawo ran Litinin, shi ke nan ya sauke nauyi. Litinin ta yi, ɗan mai hali ya shigo da gidan katako da kafinta ya ƙera, an sha fenti har da tagogi. Ɗan mai ga-ruwa ya zo da motar kara da ya haɗa da kansa, tayoyinta murafen kwalba. Malam ya ba na farko maki goma, na biyu huɗu. To me aka auna a nan in ba aljihun uba ba? Wata shekara wata sabuwar malama ta yi haka a aji biyar, yara da dama suka daina zuwa don kunya, iyaye suka yo gayya ofishina. Ni na sha faɗan, ni na bi gida-gida ina ba da haƙuri kafin ajin ya sake cika. Tun daga nan na kafa doka: aiki a cikin aji ake yin sa, a gaban malami, kuma ba a karɓar ko sisi. Buhu ɗaya nake ajiyewa a kusurwa, yara na zuba kwali, karan dawa, gorar roba da gwangwanin madara. Gam kuwa ƙaro muke jiƙawa ya kwana.

Na biyu, rashin duba yanayi, kuma wannan sakaci ne kawai. Ta yaya mutum zai sa yara su gina taswirar Najeriya da yumɓu cikin hunturu, sannan ya shanya ta a tsakar rana? Kafin a tashi ta tsattsage, Sakkwato ta rabu da Kano, yara na kallon wahalarsu ta kwana uku ta zama ɓaraguzai. Ni ina sa a kwaɓa yumɓun da ɗan yashi ko ƙaiƙayi, kada a yi shi da kauri, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ya bushe a hankali cikin inuwa. Tun yana ɗanye ake danna shuɗin zare a bi hanyar kogin Neja da na Binuwai har su haɗu a Lakwaja. Haka na ga wani ya haɗa ma'aunin ruwan sama a watan Fabrairu, ƙura kawai ya tara. Wannan aikin zango na uku ne, lokacin damina. In za a haɗa shi, a yanke kan gorar roba a kifa shi ya zama mazurari, a zuba tsakuwa da ruwa har su rufe ƙasanta mai lanƙwasa, daga nan rula za ta fara ƙirga. Da rani kuwa a kafa sanda a fili, yara su riƙa auna inuwarta kowace awa.

Kuma don Allah a daina aiki ba rubutu. In an shuka wake a gwangwani, kowane yaro ya riƙa auna tsawonsa da santimita yana rubutawa, ga kimiyya ga lissafi a tafi ɗaya. A huda ƙasan gwangwanin, in ba haka ba waken ya ruɓe.

Rukuni kada ya wuce yara biyar ko shida, in ya wuce biyu ne ke aiki saura na hira. Kada a bar maza da gini a bar mata da shara. Reza a hannun malami take zama, yara su yi da almakashi. Ruwan da aka tace da yashi da gawayi ya yi garau a ido amma ba na sha ba ne sai an tafasa, a faɗa musu tun kafin a fara, don akwai wanda zai kurɓa da zarar ka juya baya.