Yadda Ake Zaɓen Wuƙar Aljihu Mai Naɗewa da Kuɗi Kaɗan

Wanda zai sayi wuƙar aljihu karo na farko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci da ke Kaduna, ya fara duba mahaɗar ruwan wuƙar da ƙotarta. Ya buɗe ta ya girgiza ruwan. Idan yana rawa, ko yana rufewa da ɗan taɓi kaɗan, ya ajiye ta komai arharta, domin irinta ce ke datse yatsa. Ruwan wuƙa na baƙin ƙarfe ya fi na ƙarfe marar tsatsa saurin yin kaifi idan an wasa shi, amma damshin daminar Kaduna kan sa shi tsatsa, sai an riƙa goge shi ana shafa mai. A ganina, wuƙa ƙirar Okapi ko Opinel mai ruwa ɗaya ta wadatar da mai farawa, muddin ba jabu ba ce.